Na tsaya wa ɗan'uwa lamuni, ya ɓace ya bar ni da Alhaji

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni magidanci ne, shekarata 34, da mata da 'ya'ya uku, ina da ɗan shagon kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Maradi. Wata huɗu ke nan wani ɗan'uwa da muke ƙungiyar mawaƙa tare a majami'a ya roƙe ni in tsaya masa wurin wani Alhaji mai sito, ya ɗauki buhunan aya na jika 800 na sefa zai kai Kano ya sayar. Na ɗan ja baya, sai ya ce ina bangaskiyata, ashe ba Yesu ne ya ce kada a juya wa mai neman rance baya ba? Kunya ta kama ni, a ranar muka je, na ce wa Alhaji in bai biya ba ni zan biya. Ba mu rubuta komai ba, kuma har yau ban gaya wa matata ba. Yanzu salularsa a rufe, matarsa ta ce yana Kano, Alhaji kuma ya ba ni sati biyu. Daren Talata zuciya ta ɗebe ni, na yi saƙon murya a zauren WhatsApp na mazan ikilisiya, na kira shi ɓarawo maci amana. Niyyata ranar Lahadi in miƙe lokacin sanarwa in tona shi gaban kowa. Wani abokina ya ce tunda babu takarda in musa kawai. Ni kuma ina tunanin in sayar da awakin matata da keken ɗinkinta in rage bashin kafin ta ji a bakin duniya. Baba, taimakon ɗan'uwa ne ya zama wauta? Me zan yi?

Ɗanka, daga Maradi.

Ɗana, na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya kwantar maka da rai. Kafin in taɓa maganar kuɗi bari in roƙe ka abu ɗaya, don shi ya fi kusa: ranar Lahadi kada ka miƙe. Ka je sujada, ka zauna inda ka saba zama, in an zo sanarwa ka kame bakinka. Dalilin yana tafe.

Ka sake karanta takardarka da kanka. A ranar da ya roƙe ka, a ranar kuka je wurin Alhaji. A daren da ranka ya ɓaci, a daren ka yi saƙon. Yanzu kuma dabaru uku ne a gabanka, tonon asiri, musu, da sayar da kayan matarka a ɓoye, kuma duk ukun uwarsu ɗaya da na baya. Gaggawa ce. Da farko ta zo maka da sunan bangaskiya, ran Talata ta zo da sunan faɗar gaskiya, yanzu ga ta nan tafe da sunan rufin asiri. Jika 800 bashi ne mai nauyi, ban raina shi ba, amma bai kai ya rushe gida ba. Abin da kake shirin yi cikin kwana goman nan shi ne zai iya.

Ka tambaye ni ko taimakon ɗan'uwa wauta ne. Taimako ba wauta ba ne. Yadda ka yi shi kuwa, i, akwai wauta a ciki, kuma ba zan shafa maka mai a baki ba. Sai dai wauta iri-iri ce. Littafin Karin Magana, wanda tsofaffinmu masu tsohuwar fassara ta 1932 suke kira Misalai, bai zuba wawaye a kwando ɗaya ba. A Ibrananci, harshen da aka fara rubuta shi, sunayensu daban-daban ne. Akwai feti, marar wayo, wanda zuciyarsa take kamar ɗaki ba ƙyaure, duk abin da aka faɗa masa sai ya shige. Shi ake nufi a 14:15, inda aka ce marar wayo yakan gaskata kowace magana, mai hankali kuwa yakan duba inda zai sa ƙafa. Wannan ciwonsa yana da magani, don tun a farkon littafin, 1:4, an ce saboda irinsa aka rubuta shi. Akwai kuma kesil, wanda ya ga ramin da ya faɗa jiya ya sake nufarsa yau. Shi ne aka kwatanta da kare mai komawa ga amansa a 26:11. Wata huɗu da suka wuce kana ajin farko. Ranar Lahadin nan ce za ta nuna ko za ka ci jarrabawar shiga aji na biyu.

Ayar da ya kawo maka tana nan, Matiyu 5:42, ba ƙarya ya yi ba. Yesu ya ce mai roƙo a ba shi, mai neman rance kada a juya masa baya. Amma ka lura da abin da ake bayarwa: abin hannunka ne. Da ya ce ka ranta masa jika 50 daga aljihunka, ka duba ka ga ko bai biya ba tukunya za ta hau murhu a gidanka, ka ba shi, da ayar ka bi sak. Lamuni wani abu ne dabam. Alkawari ne da kuɗin da ba ka da su, wanda in ya tashi cikawa ba a kanka kaɗai zai sauka ba, har da matarka da yara uku da ba a tambaye su ba. Shi ya sa Karin Magana ya koma kan wannan magana har wuri shida, daga sura 6 zuwa sura 27. A 22:26-27 ya faɗe ta ƙuru-ƙuru: kada ka shiga cikin masu tsaya wa bashin wasu, in ba ka da abin biya don me za a janye gadonka daga ƙarƙashinka? Mai rubutun bai san keken ɗinki ba, amma shi yake nufi.

Kada kuma ka ɗauka lamuni zunubi ne a kan kansa. Yahuza ya tsaya wa ƙanensa Biliyaminu a gaban mahaifinsu, da abu ya ɓaci a Masar ya ce a riƙe shi bawa a saki yaron. Basamariyen nan na misalin Yesu, da ya kai wanda aka yi wa fashi masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, ya ce abin da ya ƙaru in ya dawo zai biya. Manzo Bulus ya tsaya wa Unisimas a gaban Filimon, ya ce in yana bin sa wani abu a ɗora a kansa, har ya ƙara da cewa da hannunsa ya rubuta, zai biya. Dukansu sun tsaya ne ido buɗe. Sun san girman kayan, sun san wuyansu zai ɗauka, sun yarda su ɗauka. Kai kuwa ka tsaya ne don kada a ce ba ka da bangaskiya. Wannan kunya ce, ɗana, alkunyar Bahaushe da ke sa ya ce "ba komai" alhali cikinsa yana cewa da komai. Tana da kyau wajen suruki. Wajen lamuni tsada gare ta.

Bari in yi ɗan ratse, don wannan kalma ta "ina bangaskiyarka" ta daɗe tana ba ni haushi a cikin ikilisiyoyinmu. Da ita ake sa yarinya ta amsa auren da ba ta bincika ba, da ita ake sa magidanci ya ɗauki alkawarin baiko da ya fi ƙarfinsa gaban jama'a, da ita ake hana marar lafiya zuwa likita. A Matiyu sura 4, lokacin da aka kai Yesu ƙololuwar Haikali aka ce ya dira, da aya aka tura shi, daga Zabura 91, kuma ayar gaskiya ce. Ya amsa da cewa ba a gwada Ubangiji Allah. Ban ce ɗan'uwanka Iblis ba ne, wataƙila shi ma haka aka koya masa. Abin da nake faɗa shi ne duk wanda ya ɗauko aya don ya hana ka cewa "bari in kwana da maganar", ka ƙara kwana biyu a kai.

Da ka kwana da ita, me za ka tambaya? Abin da kowane ɗan kasuwar Maradi ya sani ne. An ɗauki kaya da sefa, za a sayar da naira. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da Najeriya ta sake ta a watan Yuni na 2023 ta zame daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka har ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da kaya a kasuwar Dawanau ta Kano ya ga riba a naira, kafin ya canza ya iso Ɗan Isa a bakin iyaka ribar tana iya narkewa har ta ci uwar kuɗi. Ga iyaka, wadda aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ga hanyar Jibiya da abin da ke cikinta, kowa ya sani. Ya taɓa kai aya Kano? Wa ne dillalinsa a can? In kaya suka kwanta, da me zai biya? Yana da gona ko babur da zai jingina, ko kuwa wuyanka ne kaɗai jinginar? Tambaya huɗu, ba su kai tsawon shan shayi ɗaya ba. A Luka 14:28 Yesu ya ce wanda zai gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. Ina son kalmar nan, zama. Kai a tsaye ka yi naka.

To, wannan lissafin da ya kama ka, shi ne kuma ya kamata ya hana ka kiran mutumin ɓarawo. Me ka sani tabbas? Salularsa a rufe, yana Kano, bai biya ba. Shi ke nan. Mai yiwuwa ya cinye kuɗin. Mai yiwuwa ya ba da kaya bashi a can ana ta yi masa gobe-jibi. Mai yiwuwa ya faɗi, kunya ta hana shi dawowa, irin kunyar da ta hana ka gaya wa matarka wata huɗu. Karin Magana 18:13 ya ce wanda ya ba da amsa kafin ya ji, wauta ce gare shi da abin kunya. Aya ta 17 ta ƙara da cewa wanda ya fara kai ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Maza nawa ne a zauren nan suka ji bakinka, ba wanda ya ji nasa.

Ni ma na taɓa yi, don kada ka ce tsoho yana magana daga kan tudu. Ina malamin makaranta a wani ƙauye, kuɗin da iyaye suka tara na gyaran aji suka ɓata daga teburina. Yaron da ke share mini ofis na kira gaban 'yan ajinsu na ce shi ne. Bayan kwana uku na ga kuɗin cikin littafin kiran suna, inda ni da hannuna na sa su. Na ba shi haƙuri gaban ajin, amma sunan da yara suka laƙa masa ya bi shi har ya bar makarantar. Magana zarar bunu ce. A zamanina aji ɗaya ne ya ji. Naka saƙon, ko ka goge shi yanzu, wani ya riga ya tura wa matarsa, ita kuma ta tura gaba.

In ma ya tabbata ya cuce ka, ina so ka buɗe 1 Sama'ila sura 25 ka karanta a hankali. Kowa ya san Nabal, mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, wanda sunansa ma ma'anarsa wawa, matarsa da bakinta ta faɗa. Dawuda da mutanensa sun tsare masa makiyaya a jeji, ko ɗan rago bai ɓata ba. Ranar sausaya Dawuda ya aika a gaishe shi a nemi abin da ya sawwaƙa, Nabal ya kore su da zagi. Masu wa'azi sukan tsaya a kan wautar Nabal. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wawa na biyu da ya kusa fitowa a labarin, kuma Dawuda ne. An cuce shi da gaske, ba shakka. Amma nan take ya ce kowa ya rataya takobinsa, ya ɗebi mutum 400, ya rantse kafin gari ya waye ba namijin da zai ragu a gidan Nabal. Saboda zagi da abincin rana ɗaya. Gaskiyarsa ba ta hana abin da ya nufa zama ɓarna ba. Abigel ce ta tare shi a hanya da gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya a kan jakuna, ta ce masa, a taƙaice, kada ka yi abin da zai zame maka ciwon zuciya ranar da ka zama sarki. Dawuda kuwa, abin da ya raba shi da Nabal ke nan, ya saurara. Ya yi wa Allah godiya da ya aiko ta, ya mai da takobi kube.

Kai yanzu kana kan hanyar gidan Nabal da takobinka, lokacin sanarwa ne filin yaƙin. Ka tsaya ka ga waɗanda za su faɗi in ka sara. Matarsa, wadda za ta zauna cikin zumuntar mata kowa yana satar kallonta. 'Ya'yansa a makarantar Lahadi. Ikilisiya, wadda za ta rabu biyu, masu cewa ka kyauta da masu cewa ka yi rashin kunya. Kuɗin Alhaji kuwa ko dala ba za ta fito daga wannan tonon ba. Mutumin da aka tozarta gaban jama'a ba ya dawowa gari, kuma wanda bai dawo ba ba ya biyan bashi.

Kana da taka Abigel a gida, ka ɓoye mata. Daga nan za ka fara, yau, ba gobe ba. Ka bari yara su yi barci, ka zaunar da ita, ka faɗa mata duka: adadin, ranar, wa'adin, har da saƙon Talata. Kada ka fara da laifin ɗan'uwan, ka fara da naka. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka bar ta ta yi. Abin da zai fi ƙona mata rai ba kuɗin ba ne, wata huɗun ne da kuke ci a kwano ɗaya kana ɗauke da wannan. Batun awaki da keke kuwa, ka cire shi daga ranka. A al'adarmu dabbar mace tata ce, ko ta gado ce ko da kuɗin adashi ta saya, miji ba ya kai ta kasuwa sai da yardarta. In ka sayar a ɓoye, ka ɗauki dukiyar wanda ya amince da kai ka yi abin da ka ga dama ke nan. Ka tuna da sunan da ka kira mai yin haka a daren Talata. In ita da kanta, bayan ta huce, ta ce a sayar da akuya biyu, wannan kyauta ce, ka karɓa da godiya. Keken kuwa ko ta ce a sayar ni ban ba da shawara ba, don shi ke kawo kuɗin cefane ranar da shago bai yi ciniki ba.

Shawarar abokinka ta musu, ban ce bai san doka ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita, tana neman lamuni ya kasance a rubuce, da sa hannu, da adadin kuɗin da mai tsayawa ya ɗauka. Saboda haka in aka je gaban alƙali ba takarda, Alhaji zai sha wuya. Amma kai ka san ka faɗa, Alhaji ya san ka faɗa, Allah ya ji. Zabura 15 ta tambayi wa zai zauna a alfarwar Ubangiji, cikin amsar har da wanda in ya yi alkawari, ko ya zame masa hasara, ba ya sākewa. Yesu kuma ya ce i ɗinku ta zama i. Ka ƙara da wannan: Alhaji bai ba da buhunan nan don ya san ɗan'uwanka ba, don kai ya ba da su, ba takarda ba shaida. Wajen shekara ɗari ke nan da bishara ta shigo ƙasar nan ta Damagaram da Tsibiri, har yau mu 'yan kaɗan ne a Maradi, kowa ya san shagon Kirista a layinsu. Abin da iyayenmu suka tara a kasuwar nan, wanda ya fi gini ya fi fili, shi ne a ce "in ya faɗa, haka ne". In ka musa, kai za ka tsira da jika 800, Kirista na gaba da zai je neman kaya bashi shi zai biya.

Yanzu ga wurin da Littafi da kansa ya ce ka yi sauri. Karin Magana 6:1-5 kamar da kai ake magana: ɗana, in ka tsaya wa maƙwabcinka, in maganar bakinka ta zame maka tarko, ka je ka ƙasƙantar da kanka ka yi roƙo, kada ka ba idonka barci, ka kuɓutar da kanka kamar barewa daga hannun maharbi. Saurin da ka kashe wajen saƙon murya, nan ne wurinsa. Kada ka jira sati biyun su cika Alhaji ya aiko yaronsa ƙofar shagonka. Gobe da safe ka je, ka ɗauki dattijo ɗaya da yake ganin girmansa, ko na ikilisiya ko na layin kasuwarku, Musulmi ne ko Kirista duk ɗaya, in dai mai mutunci ne. Ku gaisa, ku zauna, ka ce masa: Alhaji, na tsaya, kuma ina nan a tsaye, ban zo musu ba, na zo ne mu ga yadda zan biya.

Kafin ka je ka yi zaman da ba ka yi ba a farko, kai da mai ɗakinka da littafin shago. Nawa ke ragewa a wata bayan ci da haya da kuɗin makarantar yara? In jika 40 ne, to ka ce jika 40, wata 20 ke nan. Kada kunya ta sake kama ka gaban Alhaji ka ce 100, wata na biyu ka kasa, ka zama maƙaryaci a kan gaskiyarka. Wannan karon a rubuta, da shaidu, kowa ya riƙe tasa. Ba zai ji haushin takarda ba, don a addininsa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi take, aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Na faɗa maka ne don ka shiga da ƙwarin gwiwa, ba don ka je ka karanta masa ba, ya fi ka sani. Sannan ka roƙe shi ya sa mutanensa na Kano su cigita. Alhazan Maradi ba su rasa maigida ko dillali a Dawanau, kuma baƙon da ya sauke buhunan aya na jika 800 ba ya ɓata a kasuwa kamar allura. Wannan hanya ta fi zauren WhatsApp saurin gano shi.

Saura gyaran abin da ka ɓata. Inda ka yi ɓarnar nan za ka gyara ta, a zauren, da muryarka, a taƙaice. Kamar haka: "'Yan'uwa, maganar da na yi daren Talata cikin fushi na yi ta, ban ji ta bakin ɗan'uwana ba. Na janye kalmar da na kira shi da ita, ku gafarce ni. Maganar tana hannun fasto da dattawa, ina roƙo kada a ƙara tura saƙon." Kada ka ƙara "amma" a bayanta. Wannan ba ya nufin ka ce ba ka bin sa komai, ka dai janye hukuncin da ka yanke kafin shari'a.

Hanyar da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18:15-17 ka san ta, ɗan ƙungiyar mawaƙa ne kai: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Kai ka fara daga ƙarshe. Sanin ayar bai isa ba, kuma Maradawa ba su bukatar a yi musu dogon bayanin misalin magina biyu na Matiyu sura 7. Tsohon garin nan a cikin fadama yake, bakin Gulbi, ruwan 1945 ya zo ya rushe shi, sannan aka hau tudu inda muke yanzu. Yesu ya ce magina biyun duk sun ji maganarsa, abin da ya raba su shi ne ɗaya ya aikata. Tunda ba ka samunsa a salula, ka ba fasto da dattijo ɗaya maganar, su aika masa ta hannun matarsa ko danginsa cewa ana nemansa ya zo a zauna, ba don a kama shi ba. In faɗuwa ya yi, a san nawa ya rage a hannunsa, a raba nauyin, ya riƙa biyanka kamar yadda kake biyan Alhaji, shi ma a rubuce. In kuwa ya tabbata cinyewa ya yi, ya kuma ƙi jin dattawa, ikilisiya tana da horonta, kuma daga nan in ka kai maganar gaban hukuma ban ga laifinka ba. Bulus a 1 Korantiyawa sura 6 ya tsawata wa masu rugawa kotu da 'yan'uwansu alhali ba su nemi mai hikima a cikinsu ya sasanta ba. Bai ce ikilisiya ta zama maɓoyar macuta ba. Gafara kuma wajibi ce a kanka ko ya biya ko bai biya ba, amma yafe laifi dabam, yafe bashi dabam. Na biyun sai kai da matarka kun ga za ku iya.

Matarsa kada ka ƙara zuwa ƙofarta da faɗa. Wataƙila ita ma abin da ta sani bai wuce naka ba, kuma saƙonka ya riga ya isa kunnenta. Ranar Lahadi in kun haɗu a bakin majami'a ka gaishe ta, ka tambayi yara, ka wuce.

Ka rubuto mini abin da Alhaji ya ce da yadda kuka yanke wa'adin. A gaida mai ɗakin, in ta huce.